Darussan Boko: Mu San Abin da 'Ya'yanmu Ke Karantawa Kafin Su Kai Mararrabar SS1

 

Darasinmu na wannan mako a kan katin sakamako ne, takardar nan da yara ke kawowa gida a ƙarshen kowane zangon karatu. Mu faɗi gaskiya, akasarinmu abu ɗaya muke tambaya: na nawa ka zo? In ya ce na uku, mu sa masa albarka, mu ba shi na alewa. In ya ce na talatin, mu yi faɗa, mu ninke takardar mu sa a aljihu, mu wuce kasuwa. Jerin darussan nan da ke gefen hagu, guda goma sha wani abu, ba mu cika bi ta kansu ba, alhali su ne ke nuna inda yaron ya dosa.

Ga abin da ya sa muka ɗauko maganar. Bara wani bawan Allah a cikinmu, mai sayar da albasa, ya kai ɗansa rajistar jarrabawar shiga jami'a. Shekara 12 yana biyan kuɗin makaranta, bai taɓa fashi ba. Burinsa yaron ya zama likita, har 'yan layinsu "Dakta" suke kiransa. Da aka zo cike takarda, ma'aikacin ya tambayi darussan da yaron ya yi a sakandare. Sai ga shi ba fiziks, ba kemistiri. Ashe tun SS1 ajin kasuwanci ya shiga, don can abokansa suka tafi. Uban ya ce, "Malam, yanzu ba yadda za a yi?" Aka ce masa sai dai yaron ya koma ya karanta darussan daga tushe, ya sake zama jarrabawa. Ba wanda ya cuci mutumin nan. Bai tambaya ba ne kawai, don bai san akwai abin tambaya ba. To, mu san shi yau.

Yadda tsanin yake

Tsarin karatun boko a Najeriya ana kiransa 6-3-3-4, kuma tun 1982 aka fara aiki da shi. Shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare wato JSS, 3 a babbar sakandare wato SS, sannan 4 a jami'a. Wasu kwasa-kwasan sun fi haka: injiniya da lauya shekara 5, likitanci 6. A 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, dokarsa ta fito a 2004, ta ce shekaru 9 na farko, daga aji ɗaya na firamare zuwa JSS3, kyauta ne a makarantun gwamnati, kuma wajibi ne a kan kowane yaro.

Jerin darussa da abin da za a koyar a cikin kowannensu, shi ake kira manhaja. Hukumar tarayya mai suna NERDC ke tsara ta, kuma ƙasa duka ita ake bi. Wato yaron da ke JSS2 a Agege da ɗan'uwansa da ke JSS2 a Fagge, lissafi ɗaya ake koya musu. A 2025 gwamnati ta yi wa manhajar garambawul, ta rage yawan darussa. Ana shigar da sabuwar daki-daki, don haka kada mu yi mamaki in katin wa da na ƙane suka zo da sunayen darussa daban.

Firamare: harsashi

A firamare yaro na yin Turanci, lissafi, harshen Najeriya guda ɗaya, kimiyya ta matakin farko, motsa jiki da kiwon lafiya, darasin addininsa, tarihin Najeriya, zamantakewa da haƙƙin ɗan ƙasa, sai zane-zane da al'adu. Daga aji huɗu ake ƙara masa ilimin kwamfuta da ɗan share fagen sana'a, kamar aikin gona da kula da gida.

Duk suna da amfani, amma biyu ne ke ɗauke da sauran: Turanci da lissafi. Dalili kuwa, da Turanci ake koyar da komai a nan, da shi kuma ake rubuta tambayoyin jarrabawa. Yaron da bai iya karatu ba, ba Turanci kaɗai zai faɗi ba. Zai faɗi kimiyya, zai faɗi tarihi, ko da kuwa ya san amsar, tunda bai gane me aka tambaye shi ba.

Ba sai mun yi boko ba za mu iya gwada wannan. Miƙa wa ɗan aji huɗu kwalin magani ko rasit, ka ce ya karanta maka, ya kuma gaya maka da Hausa me aka ce. In ya yi ta in-ina, ko ya karanta sumul amma ya kasa fassarawa, to akwai aiki. A nan ne ake gyara, tun icen yana ɗanye.

JSS: a ɗanɗana komai

A ƙaramar sakandare darussan kan kai 12 zuwa 14. Kan waɗanda ya saba, sai a ƙaro ilimin kasuwanci, fasahar kwamfuta da sana'a guda ɗaya, ga Faransanci da Larabci a makarantar da ke da malamansu. Wasu iyayen kan yi ƙorafi, su ce kayan sun yi wa yaro yawa. Hikimar ita ce a ba shi ya ɗanɗana kowane fanni shekara uku, a ga inda ƙwaƙwalwarsa ta fi karkata.

Sana'o'in da sabuwar manhaja ta tsayar guda 6 ne, maimakon 34 da ake da su a da: haɗa sola da gyaranta, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da wayar hannu, sai noman lambu da amfanin gona. Ku duba da kyau, kusan duk sana'o'in da mutanenmu ke ci da su ne a garin nan. Yaron da mahaifinsa ke harkar dabbobi, in ya ɗauki kiwo, ya riga 'yan ajinsu nisa tun kafin malam ya shigo.

A ƙarshen JSS3 ake zama jarrabawar BECE, wadda yara ke ce wa "ƙaramar WAEC". Sakamakonta, musamman makin lissafi da kimiyya, da shi makarantu da yawa ke raba yara zuwa azuzuwan SS1. Nan ce mararrabar.

SS1: hanya ta rabu uku

A babbar sakandare darussan kan ragu zuwa 8 ko 9. Akwai na kowa da kowa: Turanci, lissafi, darasin zama ɗan ƙasa, da sana'a ɗaya, sabuwar manhaja kuma ta ƙara fasahar kwamfuta. Sauran kuwa sun danganta da ajin da yaro ya shiga.

Ajin kimiyya, wanda yara ke kira sayans. A nan ake yin fiziks, wato ilimin ƙarfi da motsi da wuta da haske. Kemistiri, ilimin sinadarai da yadda suke haɗuwa. Da bayoloji, ilimin jikin mutum da dabba da tsiro. Wasu kan ƙara da zurfafan lissafi, aikin gona ko labarin ƙasa. Ta nan ake zuwa likitanci, haɗa magunguna, aikin jinya, unguwarzoma, likitan dabbobi, injiniya da kimiyyar kwamfuta.

Ajin kasuwanci, wato kwamashal. A nan akwai akanta, harkokin ciniki da tattalin arziki. Ta nan ake zuwa aikin akanta, banki, inshora da gudanar da kasuwanci.

Ajin adabi da zamantakewa, wanda suke ce wa ats. A nan akwai adabin Turanci, ilimin gwamnati, tarihi, ilimin addinin Musulunci, Larabci da harsunan Najeriya. Ta nan ake zuwa lauya, aikin jarida, harsuna da nazarin addini.

Abu biyu za mu riƙe. Na farko, ɗan kimiyya kan iya juyawa zuwa wasu kwasa-kwasan kasuwanci, musamman in ya haɗa da tattalin arziki. Amma ɗan kwamashal ko ɗan ats ba shi da hanyar shiga likitanci ko injiniya sai ya koma baya. Na biyu, wannan ba ya nufin a tura kowa kimiyya. Yaron da lissafi ke ba shi kashi tun JSS1, in aka cusa shi ajin fiziks don uba na son a ce ɗansa likita ne, ƙarshenta ya fito ba kiredit ko ɗaya, an yi ba wan ba ƙanen. Ba ajin da yake na daƙiƙai. Alƙalai da manyan lauyoyin ƙasar nan ta ajin ats suka bi. Abin da ake so, zaɓin ya zama an yi shi ido buɗe: uba ya sani, uwa ta sani, yaro ya yarda, maki kuma ya goyi baya.

Mu yi maganar 'ya'ya mata a nan. Sau nawa muka kai iyali asibiti muna fatan mu tarar da mace, mai jin Hausa, da za ta duba su? To, ma'aikaciyar jinyar nan da unguwarzomar nan, daga ajin kimiyya suke fitowa. In yarinya na da kan kimiyya, kada a ce ta shiga "mai sauƙi" don ai mace ce.

Me ake nufi da kiredit biyar?

A ƙarshen SS3 yaro na zama jarrabawar WAEC, hukumar da aka kafa tun 1952, ko ta NECO da aka kafa a 1999, ko duka biyun. Masu makarantun koyon sana'a suna da NABTEB. Sakamakon kan fito da harafi da lamba. A1, B2, B3, C4, C5 da C6, waɗannan su ne kiredit. D7 da E8 an tsallake ne kawai, jami'a ba ta ƙirga su a matsayin kiredit. F9 faɗuwa ce. Saboda haka in yaro ya ce, "Baba, na ci duka," a karɓi takardar a ƙirga daga A1 zuwa C6.

Jami'a na neman kiredit 5, a zama ɗaya ko biyu, kuma a darussan da suka dace da kwas ɗin da ake nema. Ba kowane biyar ba. Turanci dole ne ga kowa. Lissafi dole ne ga mai neman kimiyya, fasaha, kasuwanci da kimiyyar zamantakewa. A 2025 gwamnati ta sassauta sharaɗin kiredit a lissafi ga masu neman fannin ats, amma har yanzu kowane ɗalibi sai ya zauna jarrabawarsa. Likitanci kuwa, jami'o'i da yawa ba sa karɓar zama biyu.

Bayan wannan sai jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978. Darussa 4 ake yi, jimillar maki 400, kuma tun 2015 a kan kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. Turanci na kowa ne, sauran ukun kwas ne ke tsayar da su:

Likitanci, haɗa magunguna da jinya: fiziks, kemistiri, bayoloji.
Injiniya: lissafi, fiziks, kemistiri.
Akanta da gudanar da kasuwanci: lissafi, tattalin arziki, da wani guda daga fannin.
Lauya: a akasarin jami'o'i adabin Turanci, da wasu biyu kamar ilimin gwamnati da ilimin addinin Musulunci.

Kun ga ke nan abin da aka zaɓa yaro na da shekara 14 ko 15, shi ke buɗe ƙofa ko ya rufe ta bayan shekara uku. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abubuwa uku da suka shafe mu, mu mazauna nan

Na farko, harshe. A jihar Legas akwai doka tun 2018 da ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantun firamare da sakandare, na gwamnati da masu zaman kansu. Wasunmu na ganin ɓata lokaci ne. Ba haka ba ne. Wane ne a cikinmu bai taɓa yin asarar ciniki ba don bai ji abin da mai saye ta faɗa wa ƙawarta ba? Yaranmu da suka tashi a nan sun riga sun ji Yarbanci a titi, saura su koyi rubuta shi, ya zama musu maki mai sauƙin samu. Sai dai ita ma Hausa darasi ce mai zaman kanta a WAEC da NECO da JAMB, ana karanta ta har digiri na uku. Matsalar, makarantu kaɗan ne a nan ke da malaminta. Kuma jin Hausa daban, rubuta ta daban: jarrabawar na tambayar ƙa'idojin rubutu, nahawu, adabi da al'ada. Kada yaro ya cike ta don kawai da ita ake magana a gida. In ana so ya yi ta, a nemo masa malami da littattafan da aka tsayar tun daga SS1.

Na biyu, darasin addini da Larabci. Ilimin addinin Musulunci darasi ne cikakke a manhaja, tun daga firamare har jarrabawar shiga jami'a, haka ma Larabci. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi karatun addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Kafin mu sa yaro a makaranta, mu tambaya ko suna da malamin wannan darasi. In babu, mu ji me yaron zai riƙa yi a wannan awar. A yi tambayar cikin mutunci, galibi rashin malami ne, ba mugun nufi ba. Yaron da ke zuwa Islamiyya da yamma ya riga ya san rabin abin da za a tambaye shi, asara ce ya gama sakandare bai samu kiredit a nan ba. Mai sha'awar lauya ta ɓangaren Shari'a, kamar yadda ake yi a jami'o'in Zariya, Kano da Ilori, waɗannan darussan ne jarinsa. Akwai kuma hukumar NBAIS, mai shirya jarrabawar kammala sakandare ga makarantun Larabci da addini.

Na uku, kai-komo tsakanin nan da gida. Mukan tura yaro wajen kakanni a tsakiyar shekara, ko mu ɗauko shi in kasuwa ta buɗe. Manhaja ɗaya ce, gaskiya ne, amma ba kowace makaranta ke da kowane darasi ba. Yaro ya yi shekara biyu yana Yarbanci, ya je Katsina ya tarar da Hausa. Ya fara gyaran waya a nan, ya je can ya tarar sai kiwo. Ga kuma makin gwaje-gwajen aji na SS1 da SS2, wanda makaranta ke tura wa hukumar jarrabawa a haɗa da na ƙarshe. In dole sai an mayar da yaro, lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan aji shida na firamare, ko bayan JSS3. A tsakiyar SS2 kuwa, sai in lalura ce babba, kuma a tafi da takardar canjin makaranta da duk katunan sakamakonsa.

"Ai lissafi a kasuwa ake koyonsa"

Wannan magana mun sha jin ta, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Yaran kasuwa sun fi kowa saurin ba da canji. Amma a gwada wannan. An sayi kwandon tumatir naira 40,000, an biya mota da dako 3,000, an sayar 46,000. Nawa aka ci? Mai gaggawa zai ce 6,000. Riba 3,000 ce, wato kusan kashi 7 cikin 100 na abin da aka zuba. In kwando ɗaya cikin goma ya ruɓe a hanya fa? Kwando tara sun kawo 414,000, an kashe 430,000, ashe faɗuwa aka yi ta 16,000 ana murnar ciniki. Wannan shi ne lissafin kaso da riba da faɗuwa da ake koyarwa a JSS, kuma shi darasin akanta ke faɗaɗawa a SS. Boko ba ya raba yaro da kasuwa, rumfar ma ta fi samun mai tsaronta.

Sai mu kula da wani abu. Galibin makarantu da safe suke sa lissafi da Turanci. Yaron da muka tsayar ya taya mu sauke kaya a Mile 12 har ƙarfe tara, ba makara kawai ya yi ba, darussan nan biyu da suka fi kowanne nauyi su ya rasa. In taimakon ya zama dole, a bar shi zuwa bayan an tashi, ko ranar Asabar.

Aikin wannan mako

Ɗaya, kowa ya nemo katin sakamakon 'ya'yansa na zangon da ya wuce. A zauna da yaro, ya karanto darussan ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi makin kowanne. Wanda bai yi boko ba, ya kira wani ɗalibi cikin maƙwabta ya taya shi, ba abin kunya ba ne.

Biyu, a duba Turanci da lissafi kafin a duba na nawa ya zo. Yaro na iya zuwa na biyar a aji alhali lissafinsa 38 ne.

Uku, mai ɗa ko 'ya a JSS2 ko JSS3 ya tambaye shi me yake so ya zama, ya saurara har ya gama, sannan a gwada burin da makin.

Huɗu, mai ɗa a SS1 ya tambaya yau ɗin nan: wane aji kake, waɗanne darussa kake yi? In an yi kuskure, a zangon farko ana iya canjawa. In aka shiga SS2, abin ya yi wuya.

Biyar, a je makarantar ƙafa da ƙafa, ko sau ɗaya a zango. A ga malamin aji, a tambaye shi inda yaron ke da ƙarfi da inda yake da rauni. Iyaye mata, ku ne kuka fi ganin littattafan nan kullum, in kun ga littafin lissafi ya yi sati ba sabon rubutu, ku yi magana.

Muna fita tun asuba, muna shan rana da ruwan sama a garin da ba namu ba, duk don yaran nan. Kuɗin makarantar da muke biya jari ne, kuma ba ɗan kasuwar da ke zuba jari ya ƙi leƙa kayan. Matambayi ba ya ɓata.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya sa albarka a nemanmu. Sai Juma'a mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.